Oba-Oba a Bakin Iyaka

Duk wanda ya bi hanyar Bawku zuwa Kulungugu a 'yan shekarun nan ya san yawan jami'an tsaron da ke kanta. Ga soja, ga 'yan sanda, can bakin iyaka kuma ga jami'an shige da fice da na kwastam, kowa da kalar kakinsa, da yawansu kuma da na'urar magana rataye a kafaɗa ko a ƙugu. Direbobin manyan motocin da ke sauko da albasa daga Galmi suna lissafin shingayen ne da awoyin da za su ɓata, domin albasa ba ta son jira. Ni kuwa da yake da iska nake cin abinci, idona ba ya sauka kan bindiga, kan eriya yake sauka. Tambayar da ke cina ita ce: in wani abu ya tashi da ƙarfe biyun dare, kuma layin wayar salula ya ɗauke, shin waɗannan rukuni huɗu za su iya jin muryar juna kai tsaye?

Ba tambayar mai neman abin cika shiri ba ce. Ranar 15 ga Fabrairu 2019 'yan bindiga suka far wa shingen kwastam a Nohao, kusa da Bittou, garin da ke tsallaken iyakarmu a Burkina Faso, suka kashe jami'an kwastam huɗu da wani limamin coci ɗan Sifaniya. Tun daga lokacin abin sai matsowa yake yi. Kuma kowa a Sahel ya san ɗabi'ar mutanen nan: in za su rufe wa gari baki, turakun wayar salula suke fara lalatawa. Mu ma a cikin gida muna da namu tabon. A kwanakin 25 zuwa 27 ga Maris 2002, lokacin da aka yi ta ɗauki-ba-daɗi a Yendi har aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu, layukan tarhon garin a mace suke, kuma wannan na cikin abubuwan da kwamitin bincike na Wuaku ya bi diddiginsu. Gari guda yana ci da wuta kwana uku, muryarsa ba ta fita yadda ya kamata. Kulungugu kanta ai sunanta ya shiga littattafan tarihi ne da abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, ranar 1 ga Agusta 1962, sa'ad da aka jefa wa Kwame Nkrumah gurneti yana dawowa daga ganawa da Maurice Yaméogo a Tenkodogo, aka garzaya da shi asibitin Bawku. A irin wannan lokaci, saƙon da ya makara da minti goma bai da bambanci da saƙon da ba a aika ba.

Matsalar rashin jin juna tsohuwa ce a rundunar ƙasar nan, kuma maganin farko da aka yi mata namu ne. Tun da Kyaftin John Glover ya kawo dakarun Hausawa daga Legas a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Hausa ta samu gindin zama a bariki. Daga baya yawancin kuratan ba Hausawa ba ne, Frafra ne da Dagarti da Mosi da Kusasi da sauransu, kowa da harshen uwarsa, amma da Hausa ake ba su umarni, hafsoshin Ingila ma sai sun zauna jarrabawarta. Taken rundunar Gold Coast ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san Salaga. A kasuwar goron nan Bagonje da Badagombe da Ba'asante da Bayarabe suna ciniki ne a kan gadar da fataken Kano da Katsina suka shimfiɗa da bakinsu. Ba a ce kowa ya koyi harshen kowa ba. An samu guda ɗaya da kowa zai iya lallaɓawa da shi, aka wuce wurin.

Na kawo wannan ne domin na'urorin rediyo ma harsuna gare su, kuma rashin jituwarsu ya fi na 'yan Adam tsanani. Mai sauraro ya saba da FM da gajeren zango, ya san akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai kamo masa tashar waje ba ko da ya kwana yana murɗawa. To a soja abin ya ninka haka. Ban da zangon da ake magana a kai, akwai yadda ake ɗora murya a kan igiyar iskar, da yadda na'ura ke tsalle daga wannan mita zuwa waccan sau da yawa cikin daƙiƙa guda don kada abokin gaba ya toshe ta, da kuma zaurancen da ake juya maganar da shi yadda in wani ya kama ba zai ji komai ba sai shuuu. Duk wannan a haɗe shi nake kira harshen rediyo. A da, harshen a jikin ƙarfen yake. In an ƙera oba-oba da harshe kaza, da shi za ta mutu. Shi ya sa a 1983, da Amurka ta mamaye ɗan tsibirin Girenada, sojojinta na ƙasa suka sha wahalar magana da jiragen ruwan yaƙinsu da suke hangowa da ido. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, na'urori kurame.

Dabarar da aka fito da ita kyakkyawa ce, dole a faɗa. Aka ce me zai hana a cire harshen daga jikin ƙarfe a mayar da shi manhaja? Eriya ta kamo igiyar iska, wani ɗan guntun kayan lantarki ya mayar da ita lambobi, daga nan kwamfuta ta karɓi aikin: tacewa, warwarewa, buɗe zaurance, duk da lissafi. In ana son sabon harshe, sai a loda shi kamar yadda kake loda manhaja a wayarka. Wani injiniya Ba'amurke, Joseph Mitola, shi ya yayata sunan abin a farkon shekarun 1990. Kuma ba tatsuniya ba ce. Ina da wani ɗan ƙaramin abu kamar filashi da ake kira RTL-SDR, asalinsa na kallon talabijin ne a kwamfuta, sai masu ƙwaƙwa suka gano a 2012 cewa ana iya sa shi kamo kusan komai daga wajen megahaz 24 har sama da 1,700. Kuɗinsa bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Ranar da na fara maƙala shi na ga tasharmu a allon kwamfuta kamar tsauni ja a tsakiyar fili, ga maƙwabtanta a gefe kowacce da tsawonta, sai na ji kamar makahon da ya shekara yana tafiya a unguwa aka buɗe masa ido ya ga gidajen.

Amma kamo magana a ɗaki da fanka a kanka daban, ƙera abin da kofur zai dogara da shi a fagen daga daban. A nan ne labarin Amurka ya zama abin karatu, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sun fara da wani ƙaramin gwaji mai suna SPEAKeasy, wanda a 1997 aka kai shi atisaye a hamadar Kaliforniya, ya haɗa rediyon da a da ba sa jin juna. Abin ya burge manya. A wannan shekarar aka ƙaddamar da babban shiri, JTRS, da nufin maye gurbin iyalan rediyo 25 zuwa 30 da iyali guda wanda zai ji harsuna sama da 30, ya yi aiki daga megahaz 2 har zuwa 2,000, ya shiga tanka da jirgi mai saukar ungulu da jirgin ruwa da jakar sojan ƙasa. Bai tsaya nan ba. An so kowace na'ura ta zama tamkar turken sadarwa mai tafiya, ta karɓi saƙo ta miƙa wa ta gaba, murya da hoto da taswira, intanet guda a cikin daji ba tare da turke ko ɗaya ba. A 2002 aka ba kamfanin Boeing kwangilar kashin farko, wato na motocin yaƙi. A Oktoban 2011 aka soke shi. Jaridun ƙasar sun ƙiyasta abin da ya tafi da kimanin dala biliyan 6, kuma na'urar ba ta je yaƙi a yadda aka yi mafarkinta ba.

Me ya faru? Abu na farko, manhaja ba ta canza dokar halitta. Tsawon igiyar iska a megahaz 2 mita 150 ne, a megahaz 2,000 kuwa santimita 15. Eriyar da ta dace da na farko ta fi bishiyar rimi tsawo, ta biyun ba ta kai ɗan yatsa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin turken tashar FM ya ga an auna ƙarafunan nan daidai da mitar tashar ya san ba ado ba ne. Haka ma na'urar ƙara ƙarfin sigina: wadda aka ƙera don zango guda tana aiki da tsimi, wadda aka ce ta ɗauki kowane zango kuwa tana shan wuta, rabin abin da ta sha kuma zafi yake zama. Ga kwamfutar ciki ita ma tana huci. Zafi yana son fanka da ƙarfen sanyaya, su kuma nauyi ne, nauyi yana son wuri, motar yaƙi kuwa ba ta da ɗakin baƙi. Da aka gama harhaɗawa, rediyon ya kai kusan kilo 94, buhun masara guda ke nan. A gwaje-gwajen hamada ya riƙa yin zafi yana ɗaukewa, in ya ɗauke kuma sai ya yi wajen minti goma kafin ya farka. Tsohuwar oba-oba kana murɗa ta take cewa uffan. Ka yi tunanin mutumin da aka yi wa kwanton ɓauna yana kallon allo yana jira.

Sai batun tsaro. Ranar da ka mayar da rediyo kwamfuta, ka kuma haɗa dubbansu a zare guda, ka gayyato duk cututtukan kwamfuta. Tsohuwar na'ura in ta faɗa hannun abokin gaba, guda ɗaya aka rasa. Sabuwar kuwa tana iya zama ƙofar shiga gidan gaba ɗaya. Hukumar NSA, wadda ita ke sa hannu kan duk wani zaurancen sojan Amurka, ta tsaurara sharuɗɗanta bayan aiki ya riga ya yi nisa, dole aka koma aka sake fasalin abubuwa da yawa. Kamar a ce ka kai gini linta sannan a ce maka harsashin bai yi ba.

Duk da haka, ni a karatuna, ba ƙarfe ne ya kashe shirin nan ba, mutane ne. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka, GAO, tun 2003 yake ta jan kunne. An fara ƙira alhali muhimman fasahohin da ake buƙata ba su nuna ba, ana fatan za su nuna a hanya. An ɗaure jadawalin rediyon da na wani gagarumin shirin sabunta rundunar ƙasa, wanda shi ma aka soke a 2009, saboda haka kwanan wata ne yake jan injiniyoyi, ba injiniyoyi ke faɗin kwanan wata ba. Sauri ya haifi nawa. Sannan an kira shirin na haɗin gwiwa, amma kuɗin yana hannun kowace runduna daban, ta ƙasa da ta sama da ta ruwa kowacce da kashinta da son ranta. Ofishin da aka ce shi ne uban tafiya ba shi da iko da asusu, madugun da ba shi da ta cewa kan jakuna kuwa sunansa ɗan rakiya. Sai a 2005, shekarar da aka dakatar da wani ɓangare na aikin aka kuma aika wa Boeing takardar neman bahasi, aka kafa ofishi guda mai cikakken iko, daga baya aka zaftare harsunan zuwa ƙasa da rabi. Shekara takwas ke nan da farawa.

Akwai wani ciwo da na fi ganewa saboda na gan shi a ƙananan wurare. Kowane babba da ya zauna a taro sai ya ƙara buƙata guda. Wannan ya ce ya yi magana da tauraron ɗan Adam, wancan ya ce ya ɗauki bidiyo, ba wanda ke cewa a rage, domin ragewa ba ta kawo ƙarin girma. In kuɗi suka yi yawa a ciki kuma, sai tsoron a ce an yi asara ya sa a ƙara zubawa. Ana cikin haka yaƙin Iraƙi da na Afganistan suka kankama, sojoji ba za su jira ba, aka kashe biliyoyin daloli wajen sayen tsofaffin samfura. Wani kamfani, Harris, ya yi amfani da kuɗin kansa ya fito da rediyon manhaja mai saukin buri, harsuna kaɗan, ana goya shi a baya, sojoji suka karɓe shi hannu bibbiyu. Da rundunar ƙasa ta ga haka sai ta rage odarta daga sama da 86,000 zuwa kimanin 10,000. Kuɗin bincike kuwa ba ya raguwa don an rage oda, sai dai a raba shi kan 'yan kaɗan, farashin kowace na'ura ya yi tashin gwauron zabo har ya ƙetare iyakar da doka ta gindaya. Nan aka yi masa salla.

A yi adalci, ba duka ne ya tafi a banza ba. Ƙa'idar rubuta manhajar da shirin ya kafa da wasu harsunan da ya haifa sun rayu, kuma yau kusan duk sabon rediyon soja na manhaja ne. Dabarar ta yi nasara. Abin da ya faɗi shi ne cin taura biyu, kai, taura talatin, a baki guda.

Kada kuma a ɗauka cutar Amurkawa ce kaɗai. Ingila ta yi fama da nata tsarin mai suna Bowman, wanda kwamitin binciken kuɗi na majalisarta ya caccaka a 2007 kan nauyi da jinkiri, har sojojinta suka mayar da haruffan sunan abin barkwanci, wai ma'anarsu gara taswira da wayar Nokia. Magajinsa, Morpheus, an ba da kwangilar fam miliyan 330 a 2017, aka katse ta a ƙarshen 2023. Rasha kuwa ta yi ta tallar sabon rediyonta Azart, amma da ta shiga Yukiren a 2022 sai ga sojojinta da oba-oba 'yan kasuwa da wayar salula, suna magana a fili ba zaurance, masu sha'awar rediyo a ƙasashe daban-daban suna naɗa da irin ɗan filashin nan nawa suna watsawa a intanet. A Mayun 2024 aka kama Laftanar Janar Vadim Shamarin, shugaban sashen sadarwar rundunar, kan zargin cin hanci, wanda ya gabace shi a kujerar ma an gurfanar da shi kan kuɗin sayen kayan sadarwa. Bindigar da aka ci kuɗinta ana gane ta a fareti. Rediyon da aka ci kuɗinsa kuwa fes yake a ido, sai ranar da ake neman agaji.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, Gana ba za ta ƙera rediyon soja ba, saye za ta yi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin namu hatsarin ya fi ɓuya. Mai ƙerawa ya san inda ya yi ha'inci. Mai saye kwali kawai yake gani.

Da rediyo ya zama manhaja, abin da ka biya kuɗinsa ba lallai ya zama naka ba. Harsunan ciki da lasisi suke zuwa, wani ma sai gwamnatin ƙasar da aka ƙera shi ta yarda kafin a loda maka. Gyaran kuskure daga wajen kamfani yake zuwa, in ya ga dama, in kuma kana biyan kuɗin shekara. A wata tashar da na taɓa aiki an sayo manhajar tsara shirye-shirye mai tsada, aka yi biki, aka tura tsohon teburin haɗa sauti lungu. Wata safiya muka zo, allo ya ce lasisi ya ƙare. Wanda ya sayar yana wata ƙasa, wanda ya sa hannu a takardar ya bar aiki, kalmar sirrin tana cikin kansa. Injiniyanmu, dattijo mai haƙuri, ya kakkaɓe tsohon teburin ya jona, da shi muka karanta labaran ƙarfe shida. Mu abin da muka yi asara tallace-tallace ne na rabin yini. Ka ɗauki wannan safiyar ka kai ta sansanin soja a bakin iyaka.

Makullin zaurance ya fi lasisi nauyi. Wa ke ƙirƙirarsa, wa ke rarraba shi, wa kuma ke da kwafinsa? A Fabrairun 2020 aka fallasa cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya shekara da shekaru yana sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin ɓoye saƙo, mallakin hukumar CIA ne da takwararta ta Jamus ta Yamma a asirce, suna karanta abin da abokan cinikinsu ke rufewa. A Satumban 2024 kuma duniya ta ga na'urorin saƙo da oba-oba suna fashewa a hannun masu su a Labanan. Ba ina cewa kowane ɗan kasuwa maci amana ba ne. Ina cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma ƙasar da ba ta da mutanenta da za su iya buɗe cikin na'ura su karanta abin da aka rubuta mata, amana kawai take ci da ita.

Ga kuma kyauta. Ƙasashe irin namu suna samun kayan tsaro daga hannuwa da yawa: wannan abokin ya ba da motoci da rediyonsu a ciki, wancan ya zo atisaye, kamar Flintlock da aka yi a Gana a 2023 da 2024, wani kuma ya ba da bashi da sharaɗin a sayi kayan ƙasarsa. Shekarun baya an raba wa jami'an tsaro wayoyin da ake kira Gota, na kamfanin ZTE na Sin, waɗanda kamar salula da turke suke aiki. Kowanne a karan kansa alheri ne. A tara su wuri guda kuma sai ka samu kasuwar Salaga babu Hausa. Masu talla za su ce ai rediyon manhaja shi ne tafintan da zai haɗa su. A takarda haka ne. A aikace, kamfani ba ya ba kishiyarsa sirrin harshensa, saboda haka abin da ya rage musu su haɗu a kai shi ne tsohuwar FM tsirara, wadda duk mai ɗan filashi zai saurara.

In aka tsallaka iyaka abin ya ƙara cakuɗewa, domin nan ba injiniya ke da magana ba. A Satumban 2017 Gana da Burkina Faso da Togo da Benin da Kodebuwa suka kafa Shirin Akara don tunkarar 'yan bindiga tare, aka yi samamen haɗin gwiwa da aka kira Koudanlgou. Yau Burkina da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, sun kafa tasu ƙungiyar, sun kuma sauya abokan hulɗar soja. Ba wanda zai miƙa makullin zaurancensa ga maƙwabcin da bai san da wa zai kwana gobe ba. Duk tsadar na'urar da za a girke a Kulungugu, ba za ta yi magana da Bittou ba sai Akara da Wagadugu sun ce ta yi.

Abin da ke ba ni haushi a matsayina na ɗan jarida shi ne yadda kalmar tsaro ke rufe bakin kowa. Gwamnati ta san ƙarfin iska sarai. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta rufe tashoshin FM huɗu a Bawku bisa shawarar jami'an tsaro, kan cewa maganganun da ake yi a cikinsu suna rura wutar rikicin sarauta. Ba zan kare duk abin da ake faɗa a makirufo ba, na san abin da harshe ke iya yi a gari mai dokar hana fita. Amma in ana iya auna abin da muke watsawa har a ɗauki mataki cikin kwana guda, to mu ma muna da damar tambayar lafiyar nasu rediyon, tunda da harajinmu ake saye. Ba wanda ya ce a faɗa mana mita ko makulli, wannan sirri ne na gaskiya. Amma nawa aka kashe, shekara nawa kwangilar gyara za ta yi, wa ya gwada kayan kafin a biya, waɗannan ba sirrin yaƙi ba ne. Rahotannin GAO da suka tona asirin JTRS a fili suke, kowa na iya karantawa, kuma ba su sa Amurka ta faɗi yaƙi ba. Muna da babban mai binciken kuɗi, muna da kwamitin tsaro da harkokin cikin gida a majalisa. Aikinsu ke nan.

Da za a tambaye ni, kuma ba a tambaye ni ba, da na ce kada a gwada irin wannan kaya a ɗakin taro mai sanyi a Burma Camp. A kawo shi nan arewa a watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan ƙurar hunturu ta gama shiga kowace kafa. A ba kofur ɗin da zai riƙe shi, ba injiniyan kamfani ba. A kashe shi a kunna, a duba agogo. A sa soja ya kira ɗan sanda, ɗan sanda ya kira jami'in shige da fice, da wayoyinsu na salula a kulle cikin akwati. A nemi harsuna biyu ko uku da aka tabbatar suna aiki, a bar sauran sai an ga kamun ludayin waɗannan. A kuma rubuta a kwangila cewa za a horar da masu gyara na gida har su iya loda manhaja da sauya makulli ba tare da an jira baƙo ya sauka a filin jirgin Tamale ba, sannan a biya su abin da zai hana kamfanonin waya ɗauke su bayan shekara biyu.

Sai batir, wanda ba a yi masa bikin ƙaddamarwa. Rediyon manhaja ya fi tsohon ci, domin kwamfutar cikinsa ba ta barci ko da ba a magana. Zafi kuma yana rage wa batir kwana, wanda aka ce zai yi shekara uku a Turai ba zai kai haka a Pusiga ba. Yawancinsu ba irin na kasuwa ba ne da za ka aika yaro ya sayo, na kamfanin ne, da dala ake odarsu, sidi kuwa kowa ya san halinta. Sansanin da ke nesa da layin wuta yana buƙatar faifan sola da abin caji da na ajiya aƙalla biyu ga kowace na'ura, kuma kuɗin nan ba sau ɗaya ake biyansa ba, kowace shekara sai ya fito a kasafi, a layin da ya fi kowane sauƙin yankewa.